Kazar tsibiran Nikobar: fashin baƙi kan kiwon kajin gida a inda komai sai jirgin ruwa ya kawo

Jama'a, idan ana maganar ƙasar Indiya mafi yawanmu Delhi da Mumbai ne ke zo mana a rai, amma can cikin tekun Bengal akwai wasu tsibirai nata da ake kira Andaman da Nikobar, waɗanda a gaskiya sun fi kusa da Indonesiya da Myanmar fiye da ita kanta Indiyar. Daga hedikwatarsu Port Blair, wadda gwamnati ta sauya wa suna zuwa Sri Vijaya Puram a 2024, zuwa Chennai ko Kolkata ya haura kilomita 1,000 a kan ruwa. To rukunin kudu shi ne Nikobar, tsibirai 22 ne kuma ba duka ke da mutane ba, akwai Kar Nikobar da Chowra da Teressa da Katchal da Kamorta da Nancowry, har zuwa Babban Nikobar da ke leƙen tsibirin Sumatra. Ƙabilar da ta fi yawa a wurin su ne Nikobarawa, ƙidayar 2011 ta nuna sun ɗan haura mutum 27,000, yarensu daban ne da Hindi kwata-kwata, mafi yawansu Kiristoci ne da 'yan tsirarun Musulmi a cikinsu. Akwai kuma 'yan Shompen a dazukan Babban Nikobar, su 'yan ɗaruruwa ne kawai kuma ba su cika cuɗanya da kowa ba.

Waɗannan mutane suna da wata kaza tasu ta gado, ita nake so mu yi magana a kai, domin duk wanda ya taɓa kiwon kaji a tsakar gida zai ga abin da ya sani a cikin labarinta, sai dai a can komai ya ninka tsanani saboda ruwa ya zagaye su.

Ita kazar Nikobari ƙarama ce, gajerun ƙafafu, jiki a dunƙule, idan tana tafiya kamar cikinta zai taɓa ƙasa. Launi uku aka fi sani, ruwan ƙasa da baƙa da fara. Zakaranta ba ya kai kilo 2 yawanci, macen kuma ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, ƙwanta ƙanana ne ba sa kai gram 50. Wanda ya saba da buroila zai raina ta. Amma abin da ya sa masana suka damu da ita shi ne ƙwai, domin a cikin kajin gargajiya na Indiya ita ake ƙirgawa a sahun gaba wajen yawan ƙwai, ana ba da lissafin kusan 130 zuwa 140 a shekara a kiwon sake, alhali kazar ƙauye ta yau da kullum, a Asiya ne ko a Afirka, da ƙyar take wuce 40 zuwa 60. Kuma tana yin wannan ne ba tare da an auna mata abinci a sikeli ba, cikin zafi da danshi da ruwan sama da ke kai milimita 3,000 a shekara. Hukumar da ke rajistar irin dabbobi ta Indiya, NBAGR da ke garin Karnal, ta yi mata rajista a matsayin iri mai zaman kansa, sannan cibiyar binciken noma ta tsibiran, wadda aka kafa a Port Blair a 1978 kuma yanzu ake kira CIARI, ta daɗe tana ajiye ta tana nazari a kanta.

Kafin a gane matsalar sai an gane yadda gidan Banikobare yake. A al'ada ba miji da mata da 'ya'yansu kaɗai ba ne gida, babban gida ne da suke kira tuhet, dangi da yawa a ƙarƙashin shugaba ɗaya, gonar kwakwa tasu ce tare, kuma ƙauye yana da shugabanni da ake ce wa kyaftin, sama da su akwai majalisar ƙabila. Kwakwa ita ce ƙashin bayan rayuwa, a ci, a sha ruwanta, a busar da ita a sayar ta hannun ƙungiyoyin gama kai irin su Ellon Hinengo na Kar Nikobar. Dabbar da ta fi daraja a wurinsu alade ne, shi ake yankawa a manyan bukukuwa, da shi ake auna arzikin gida. Kaza tana ƙasa da shi a martaba, amma ita ce ta kullum, ita ce ƙwan yara, ita ce naman baƙo, ita ce abin da ake iya kamawa yau a ci yau ba sai an tara jama'a ba. Ba su da gonakin masara ko dawa irin namu, shinkafar da suke ci ma mafi yawanta kawo ta ake yi. Ku riƙe wannan maganar da kyau domin a nan ƙullin yake.

Kaza tsuntsuwar hatsi ce. A wurinmu ko ba ka saya mata komai ba akwai dusa, akwai tsaki, akwai abin da ya zube a bakin turmi da masussuka. A Nikobar babu wannan. Abin da ake watsa mata shi ne kankararriyar kwakwa da ragowar shinkafa da kan kifi da hanjinsa idan an dawo daga su, sauran kuma ta shiga ƙarƙashin itatuwan kwakwa ta tona ruɓaɓɓen ganye ta samo gara da tsutsa da ƙwari da 'ya'yan ciyawa. Kwakwa tana da mai sosai, tana ba da ƙarfi, amma tana da ƙaiƙayi da yawa wanda cikin kaza ba ya narkarwa da kyau, kuma sinadarin gina jiki da ke cikinta bai cika ba, musamman wanda ɗan tsako ke buƙata ya girma. Don haka gara da tsutsa da kifin nan ba ƙari ba ne, su ne suke cike giɓin. Kazar da ta iya tono ita ce take rayuwa, kuma shekara da shekaru haka aka yi ta tacewa, wadda ba ta iya ba ta mutu ba ta bar iri ba, wadda ta iya ta hayayyafa. Abin da ake kira juriyar kazar Nikobari ke nan, ba wani sihiri ba ne, zaɓi ne da wurin ya yi da kansa.

To yanzu ka ɗauko leya ta gidan gona wadda ke iya yin ƙwai kusan 300 a shekara ka kai ta can. Wannan lissafin na 300 yana da sharaɗi, sai ta ci gram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci kowace rana, masara da waken soya da sinadarai, ba fashi. Masarar da waken soyan daga babban yankin Indiya za su taso a jirgin ruwa zuwa Port Blair, a sauke, a sake lodawa a wani jirgin ya tsallaka mashigin ruwan da ya raba Andaman da Nikobar, ya isa Kar Nikobar mai nisan kusan kilomita 270, idan kuma Katchal ne ko Teressa sai an ƙara gaba, wani wurin ma sai an sauke a ƙaramin kwalekwale. Kowane sauki da lodi kuɗi ne. Daga watan Mayu idan damina ta kankama teku yakan yi hauka jirgi ya makara, kuma buhun abincin kaji da ya zauna cikin wannan danshin yakan yi funfuna, funfunar kuma guba ce ga hantar kaza. Mako ɗaya ba abinci leya ta daina ƙwai, kafin ta dawo daidai an yi asara. Shi ya sa ni a ganina babbar darajar kazar Nikobari ba yawan ƙwan ba ne ma, darajarta ita ce ba ruwanta da ranar zuwan jirgi.

Sai maganar cuta, wadda take da fuska biyu a tsibiri. Ruwa katanga ne, cuta ba ta tsallako shi da ƙafa, don haka tsibiri kan iya daɗewa lafiya lau. Amma fa kajin da suka daɗe ba su haɗu da cuta ba jikinsu bai san ta ba, ranar da ta shigo sai ta share gari. Babbar annobar ita ce Newcastle, a Indiya Ranikhet suke ce mata, ita ce dai wadda muka sani tana zuwa mana da hunturu, kaza ta yi laushi ta saki fukafukai, koren zawo, wuya ya murɗe, kafin kwana kaɗan akurki ya zama wayam. Mai zafin cikinta tana iya kashe kusan duk garken da ba a yi wa rigakafi ba. Akwai kuma Gumboro da ƙyandar kaji da tsutsar ciki wadda danshi ke taimaka wa. Kuma ta ina cutar ke shigowa? Mafi yawa ta hannun mutane, a cikin kejin kajin da aka sayo, a jikin kwandon ƙwai, a takalmin wanda ya fito daga wata gona. Masu bincike sun ba da rahoton cewa kazar Nikobari ta fi kajin waje jure cututtuka da dama, kuma na yarda, amma don Allah kar a ɗauki wannan a matsayin ba ta kamuwa. Juriya daban, kariya daban.

Rigakafin kuma ga nasa ciwon kan. Allurar Newcastle irin su Lasota tana son sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa idon kaza, kuma tsibiran nan mafi yawan wutarsu daga janareton dizal take, shi ma dizal ɗin jirgi ke kawowa. Sannan kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko 500 ko ma 1,000, idan an haɗa ta da ruwa dole a gama da ita cikin awa ɗaya zuwa biyu, to mai kaji 12 ya zai yi? Dole sai ƙauye ya haɗu rana guda, a kama kajin tun da dare, domin waɗanda ke kwana a kan bishiya idan gari ya waye ba mai iya kama su. Akwai nau'in rigakafi mai jure zafi da ake kira I-2, wanda masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka samar don kajin ƙauye, ana ɗiga shi a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana yin irinsa. Irin wannan ne ya dace da wuri kamar Nikobar. Kuma a nan tsarin tuhet da kyaftin alheri ne babba, domin idan shugaban gida ya ce gobe za a yi wa kaji ɗigo an gama magana, ba sai an bi mutum ɗaya-ɗaya ana lallashi ba.

Amma wallahi inda aka fi yin asara ba a annoba ba ne, a 'yan tsaki ne, kuma shiru ake yin ta ba wanda ke lissafawa. Kaza ta yi kwanci kwana 21 a kan ƙwai 10 ko 12, ta ƙyanƙyashe mafi yawansu, sai ta ja su cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da sassafe. Ɗan tsako a makonnin farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ruwa ɗaya ya dake shi ya tafi. Ga shaho daga sama, ga guza da maciji da ɓera daga ƙasa, ga karnuka da kuliyoyi, a tsibiran kudu har da mesa da birai masu cin ƙaguwa. A kiwon sake kusan ko'ina a duniya abin da aka saba gani shi ne wajen rabin 'yan tsaki ba sa kai wata biyu. To ku duba, idan aka tsare su makonni huɗu zuwa shida na farko a ɗan akurki mai rufi wanda aka ɗaga daga ƙasa, da gora da ganyen kwakwa ma ana iya yin sa, ana ba su dafaffen kifi da gara da ɗan tsakin shinkafa da ruwa mai tsabta, a bar uwar ta dinga fita tana dawowa, garken zai iya kusan ninkawa ba tare da an sauya iri ba, ba tare da an sayo ko tsinke daga Chennai ba. Ga uwar kuma a daka mata ɓawon katantanwar teku, wanda yake a banza a bakin ruwa, don ƙwanta ya yi ƙwari. Masu bincike a Port Blair sun gwada har da 'ya'yan itacen noni da ke fitowa da kansa a tsibiran a matsayin ƙarin abincin kaji, wato dai neman abin da ke ƙasa a hannu.

Yanzu bari mu zo kan ranar 26 ga Disamba 2004, domin ba a maganar komai a Nikobar ba tare da ita ba. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta auku a gaɓar Sumatra, kuma Nikobar na daga cikin wuraren farko da igiyar tsunami ta daka. Dubban mutane suka mutu ko suka ɓace, Katchal da Kar Nikobar sun fi shan wuya, tsibirin Trinket sai da aka kwashe mutanensa, can ƙarshen kudu a Indira Point ƙasa ta nutse da kusan mita 4. Ƙauyukan Nikobarawa a bakin ruwa suke, don haka kaji da aladu da gonakin kwakwa duk suka tafi tare, ruwan gishiri ya kwanta a gonaki. Waɗanda suka tsira aka kai su matsugunan wucin gadi na kwano nesa da gaɓa, suka shafe shekaru a ciki suna cin abincin agaji, kuma da aka zo rabon gidaje da diyya an fi bin tsarin ƙaramin iyali, abin da ya raunana tuhet ɗin da ke riƙe da komai. Kwakwar da aka sake dasawa kuma sai ta yi shekara shida zuwa bakwai kafin ta fara 'ya'ya, ma'ana abincin kaza ma ya yanke.

A irin wannan hali me mai agaji zai yi? Zai kawo kaji, kuma da kyakkyawar niyya. Indiya tana da kajin da aka inganta don kiwon bayan gida, irin su Vanaraja da Gramapriya da aka samar a Hyderabad, masu launi kamar na gida amma sun fi girma da saurin tasowa, kusan matsayin da Noiler da FUNAAB Alpha suke da shi a Najeriya. Irin waɗannan ake rabawa manoma a sassan ƙasar har da tsibiran. Ba na zagin su, ga wanda yake kusa da Port Blair ko garin Campbell Bay na Babban Nikobar inda kasuwa take kuma ana samun abincin saye suna da riba. Matsalar tana ƙauyen ƙabila inda duk kaji a sake suke. Babban zakara ɗaya na waje ya isa ya bi kaji 8 zuwa 10, kuma saboda ya fi ɗan gajeren zakaran gida girma shi zai kore shi. 'Ya'yan farko za su fito da kyau, manya, kowa ya yi murna. Amma jikoki sai su fara rarrabuwa, wasu dogaye wasu gajeru, ƙarfin da aka gani a zubin farko ya ragu, ga jiki mai nauyi da ke son abinci fiye da abin da tono zai bayar, ga rashin zafin naman guje wa shaho. Sannan yawancin kajin da aka inganta ba su cika yin kwanci ba, domin kazar da ke kwanci ba ta ƙwai a lokacin, shi ya sa masu inganta iri suke rage wannan halin da gangan. Idan babu mai kwanci sai injin ƙyanƙyasa, inji kuma sai wuta ta kwana 21 ba yankewa, ko kuma a jira jirgi ya kawo sabbin 'yan tsaki. An koma gidan jiya ke nan.

Kuma a babban yanki idan iri ya gurɓace a wannan ƙauyen za ka same shi a na gaba. A tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 127 kamar Kar Nikobar, idan jinin ya gauraye ya gauraye ke nan, ba inda za a je a ɗebo. Ita cibiyar Port Blair ta bi wata hanya da ta fi hankali, ta ajiye tsantsar irin a gonarta, sannan ta haɗa shi da wasu irin kajin waje a ƙarƙashin kulawa ta fitar da Nicorock da Nishibari, na farko da jinin Black Rock don nama da ƙwai, na biyu da jinin White Leghorn don ƙwai. Wannan yana da amfani muddin uwar irin tana nan tsantsa a gefe. Sai dai ajiye iri a gonar gwamnati kaɗai bai isa ba, domin kazar da ta yi zuriya goma tana cin abincin buhu a cikin keji, ko da sunanta Nikobari, a hankali za ta fara rasa halin da ya sa ake son ta. Dole ta ci gaba da zama a hannun mutanenta tana tono a ƙarƙashin kwakwa.

Akwai kuma kishiyar wannan matsalar, wato auren dangi a cikin garke. Ƙaramin tsibiri, kaji kaɗan da suka tsira daga ruwa, zakara ɗaya yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, sai ƙyanƙyasa ta ragu 'yan tsaki su dinga fitowa da rauni. Maganinsa musayar zakaru tsakanin gidaje da tsakanin tsibirai duk shekara, amma na irin gida, kuma a killace baƙon zakara mako biyu zuwa uku kafin a sake shi cikin sauran. Nikobarawa dama tun da can suna da al'adar fatauci tsakanin tsibiransu, mutanen Chowra sun shahara da tukwane da kwalekwale da ake zuwa nema, don haka zirga-zirgar ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

Wani zai ce to ai doka ta kare su, tunda tun 1956 akwai dokar kare ƙabilun asali da ta hana baƙo shiga yankunansu ba izini. Gaskiya ne ta taimaka wajen riƙe ƙasa a hannunsu, amma dokar mutane take tantancewa a tashar jirgi, kejin kaji kuma wucewa yake. Ga shi kuma a 2022 gwamnati ta ba da izinin muhalli ga wani katafaren aiki a Babban Nikobar, tashar manyan jiragen ruwa a Galathea Bay da filin jirgin sama da tashar wuta da sabon gari, wanda a lokacin aka ƙiyasta kuɗinsa wajen rupee biliyan 720. Ana ta muhawara a kan dazuka da kunkurun teku da makomar 'yan Shompen, kuma sun cancanci a yi. Ni abin da nake hangowa ta ɓangaren kiwo shi ne mutane masu yawa za su shigo, za su buƙaci ƙwai da nama kullum, za a buɗe gonakin buroila da leya, jirage za su dinga sauke 'yan tsaki daga babban yanki akai-akai, kuma kowane zubi ƙofa ce ga cuta da baƙon jini. Idan ana so gajeriyar kazar nan ta kai labari, tun yanzu ya kamata a ware wasu tsibiran, musamman ƙanana irin Chowra da Teressa, majalisun ƙabila su amince a hana shigar da kowane zakaran waje, a koya wa matasa biyu ko uku a kowane ƙauye ɗigon rigakafi a ba su ƙaramin firji mai sola, kuma a rarraba tsantsar garke a tsibirai daban-daban da kan tudu, don kar wata igiyar ta sake samun su duka a bakin ruwa ɗaya.